Gidana na Biyu, In Ji Ofishinku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Harajin Sayen Gidaje, mai idon da ke hango dukiya inda masu ita ba su taɓa ganinta ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kujera ba ta gajiyar da kai ba, ni ce telar nan da ta zo ofishinku sau huɗu a watan nan, har mai gadi ya fara tambayata lafiyar yara. Godiya na rubuto in yi. Shekara goma sha shida ni da mijina, direban bas, muna haya a ɗaki biyu a saman shagon faci, ban san ni attajira ce ba sai da na shigo wurinku.

Shi da sitiyari, ni da keken ɗinki, muka tara abin da muka tara, muka samu ɗan gida mai ɗaki uku za mu saya da sunanmu mu biyu. Sai ma'aikacinku ya danna kwamfuta, ya ɗago kai, ya yi mini albishir cewa wannan gidana na biyu ne, don haka akwai ƙarin haraji. Ƙarin da ya ambata, ko keken da firij na sayar ba za su kai rabinsa ba. Ga 'yan koke-kokena, in ba za su sa shayinka ya huce ba.

Na ɗaya. Gidan farkon nan na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Mu tara ya bari. Ranar juya takardar gidan zuwa sunan magada, yayyena suka tura ni gaba wai ni ce mai kyan rubutu. Na zana sunana raɗau, kowa yana yabawa. Ashe a layin mai gida na rubuta, na wakili yana can ƙasa. Babu wanda ya karanta, har da ma'aikacin gwamnatin da ya buga hatimi. Gyara kuwa sai mu taran mun sa hannu, ga shi biyu ba sa ga maciji da juna, ɗaya ya yi tafiya ko lambarsa ba mu da ita.

Na biyu. Ko za ka taimaka ka turo a duba mini dukiyar tawa? Mahaifiyata na ɗaki guda, Babban Yaya da iyalinsa sun cika sauran. Ni mai gidan, in na je gaisuwa, a kan bokitin fenti nake zama. Wace irin mai gida ce take sallama a ce mata ta dakata ana shara?

Na uku. Ma'aikacinku, Allah ya ƙara masa basira, ya ba ni mafita biyu. Ko in sayar da gidan farko, sai dai bai faɗa mini ko da tsohuwar a ciki ake sayarwa ba. Ko mijina ya saya da sunansa shi kaɗai, shi ke nan babu ƙari. Kai, madalla! Ashe duk laifin na sunana ne.

Mai sayarwa ya ce ba zai jira mu ya wuce ƙarshen wata ba. Don haka jiya muka bi shawara ta biyu. Mijina ya sa hannu a matsayin mai saye, ni aka ajiye ni shaida. Har muka fito bai iya kallon idona ba. Mutumin kirki ne, wallahi, kuma ya rantse gidan namu ne. Na yarda da shi. Amma hawan jini gare shi, kullum yana kan titi, kuma tun yau da safe ƙannensa sun zo ganin wuri. Ɗaya har ya auna falo da taku, yana yabon gidan yayansu.

Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, tsoro nake ji. Idanuna sun ƙare a wuyan rigunan mutane, yanzu sai 'yata ce ke zura mini zare a allura, kuma rabin kowane bulon gidan nan gumina ne. Ba rangwame nake roƙo ba, wa ni! Tunda kwamfutarku ba ta kuskure, ka sa ta duba mini, a rubuto da hatimi: ranar da babu shi, wace ƙofa zan ƙwanƙwasa?

Taka mai biyayya, durƙushe har ƙasa,

Tela,
Shaida ta biyu a takardar gidanta.