Ɗigo Uku a Katin Yallaɓai

Duk wanda bai taɓa ganin Babban Sakataren ƙungiyar masu sayar da kayan gini yana shigowa kasuwa da safe ba, a yi masa jaje, ya yi asarar kallo. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa ta ko'ina. Ga tsayi, in ya sa takalmin nan nasa mai tudu. Ga murya, in an ba shi makirufo. Ga ilimi, wanda shi da bakinsa ya sha shaidawa cewa bai ga ƙarshensa ba. Kwat yake sawa ko ana zafin da kwalta ke narkewa, da jan taye, da jerin birori a aljihun ƙirji, waɗanda ɗaya ne kawai ke rubutu.

Shagonsa na kayan banɗaki ne: masai na tangaran, famfuna, bututu, da burushin wanke su. Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Shi harkar tsaftar muhalli ta zamani yake yi.

A tsarin mulkin ƙungiya, muƙaminsa sakatare ne kawai. Shi ya ga kalmar ta matse shi a hammata, ya ƙara mata "Babban" da hannunsa mai albarka. Babu ƙaramin sakatare, ba a taɓa yi ba, amma wannan bai hana shi zama babbansa ba.

Sai dai manya ma suna da tabo. Wata rana ya je wani ofis karɓo wa ƙungiya takardar izini. Ya miƙa wa mai gadi katin shaidarsa da yatsu biyu, yana kallon sama. Mai gadi ya juya katin gaba da baya, ya mayar masa, ya nuna masa benci. Nan Yallaɓai ya zauna tsakanin wani mai gyaran famfo da wata tsohuwa mai kwando, har ƙafarsa ta yi sanyi, kwat ɗin ya jiƙe sharkaf. A kan bencin nan ya yi dogon nazari, ya gano tushen matsalar ƙasa baki ɗaya: an rubuta muƙaminsa da ƙananan haruffa.

Mai laifin kuwa sananniya ce. Wata mai zane ce da ke da ɗan ofis a saman bene, ita ke yi wa ƙungiya katuna duk shekara. Ɗaya bayan ɗaya take yinsu. Ta sa hoto, ta rubuta suna da lambar shago, wani lokaci har ta sauko ƙasa ta tambayi mutum yadda yake rubuta sunansa. Aikin yakan ci makonni. Yallaɓai bai taɓa yafe mata wannan natsuwa ba.

Ana nan sai ƙanin matarsa, mai sayar da wayoyi, ya nuna masa wata manhaja. Abin babu wuya. Za ka zuba sunayen mutane a jadawalin kwamfuta, kowa da layinsa: gidan suna, gidan muƙami, gidan lambar shago, gidan hoto. Sai ka ba manhajar samfurin kati guda ɗaya. In ka danna, ita za ta kwashi abin da ke kowane layi ta zuba a samfurin, katunan mutum ɗari su fito kafin ka gama hamma. Ƙanin matar ya so ya ƙara bayani. Yallaɓai ya ɗaga masa hannu. Ya riga ya fahimta, har ya fara tuna cewa shi ma ya taɓa tunanin ƙirƙiro irin wannan abu, ayyukan jama'a ne suka sha kansa.

A zaman kwamiti na gaba ya miƙe, ya ɓalle maɓallin kwat, ya dafa tebur da hannu biyu.

"'Yan'uwa shugabanni, duniya ta tafi ta bar mu muna ɗaure igiyar takalmi. A ƙasashen da suka ci gaba, wa ke zama yana manna hoto ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa? Ni, bayan bincike mai zurfi, na kawo muku juyin juya hali. Katin wuya, allon tebur, da ƙaton allon hotunan shugabanni na babban taro, duk zan fitar da su ni kaɗai. Ba da makonni ba. Dannawa ɗaya! Na ce dannawa ɗaya!"

Ya danna yatsa a tebur don a gani, kofin ruwan shugaba ya kife. Shugaban, wani dattijo mai sayar da siminti da ake kira Baba Siminti, ya farka ya ce ya amince. Ma'ajiya, wata mace mai shagon fenti da ba ta cika magana ba, ta goge ruwan da gefen mayafinta. Kafin yamma duk kasuwa ta san sabon sunan Yallaɓai: Dannau. Ya ji, ya kuma ji daɗi. Ya ɗauka lambar yabo ce.

Washegari ya hau bene da kansa don ya sallami mai zane. Bai tsaya a ƙofa ba, sai da ya yi mata nasiha.

"Baiwar Allah, ba ƙiyayya ba ce, tarihi ne ya zo wucewa ta kanki. Ki nemi wata sana'ar tun da sauran ƙarfinki. Ki ba ni samfurin bara, kayan ƙungiya ne."

Aikin nan shi ne mafi girma da take samu a shekara. Ta dube shi, ta dubi jan tayen, ta tura masa samfurin a waya, ta ce Allah ya ba da sa'a. Ya sauko yana mamakin yadda wasu ba sa iya godiya in an faɗa musu gaskiya.

Sai batun hotuna. Na sauran jama'a shi ya ɗauka da wayarsa, shago-shago, da tsakar rana, kowa ido a runtse. Baba Siminti ya fito baki buɗe, domin an kama shi tsakiyar hamma, kuma Yallaɓai ya ce hoton ya nuna shugaba mai magana da jama'a. Nasa kuwa, gidan hoto ya je. Ya zauna a kujera mai juyawa, bayansa labule mai zanen kantar littattafai, ya tallafi haɓa da hannu kamar mai tunanin makomar al'umma. Ya sa aka goge masa furfura, aka rage kumatu, aka ƙara hasken goshi. Da ya kai hoton gida, ƙaramar 'yarsa ta tambayi uwarta ko wani kawunsu ne da ba ta sani ba.

Dalilin duk wannan hidima ba ɓoyayye ba ne. A babban taron za a yi zaɓe, kuma Dannau ya gaji da zama a hagun shugaba. Kujerar tsakiya yake so. Ya lissafa cewa in jama'a suka ga abin al'ajabin da ya yi da yatsa ɗaya, da kansu za su ɗauke shi su ɗora.

Ranar hutu ya baje kwamfuta a teburin falo, ya hana yara motsi, ya hana a kunna talabijin. Ya cika jadawali. Da farko ya sa kansa a layin farko, amma ma'ajiya ta riga ta gargaɗe shi cewa in sunan shugaba bai zo a sama ba, ba za ta sa hannu a biya mai bugu ba. Ya haɗiye wannan da ƙyar. Sai ya tuna cewa a kowane taro manya su ke zuwa a ƙarshe, ya kai kansa can ƙasan jadawali, bayan mamba na ƙarshe, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi.

Sannan ya juya kan abin da ya kawo shi. Ya kama gidan muƙami a samfurin, ya ƙara girman haruffa. Katin layin farko ne a gabansa, kalmar "Shugaba" ta kumbura. Ya ƙara. Ya tashi ya je bakin ƙofar kicin ya hango, ya dawo ya ƙara. Sai da ya tabbata ko mai gadi mai ciwon ido zai karanta daga tsallaken titi. Haka ya yi wa samfurin allon tebur da na bango.

Manhajar nan kuwa tana da ladabi, ba ta gardama da manya. In rubutu ya fi ƙarfin gidansa, ba ta cewa komai. Takan ɗauki abin da ya shiga, ta yanke sauran, ta ɗiga ɗigo uku a wurin.

Ya kira matarsa ta zo ta shaida tarihi. Ta zo da ludayi a hannu. Ya danna. Katuna suka zubo a allon kwamfuta kamar ruwan sama.

"Ikon Allah," in ji ta. "To Baban yara, gangara mana mu ga naka."

"Ke fa matsalarki ke nan, rashin yarda da kimiyya. Mutum ake bi a duba aikinsa. Na'ura ba a duba ta."

Ta koma kan tukunyarta.

A wurin mai bugu ma haka aka yi. Mutumin yana fama da tulin aiki, ya ce a buga ɗaya a gani tukuna. Yallaɓai ya ce shi ba ɗan koyo ba ne. Ya ba da umarni a buga duka, a naɗe allon, a rufe kwalayen da salatif, kada idon kowa ya gani kafin na babban baƙo, har da nasa idon, domin yana so ya ji abin da jama'a za su ji.

Ranar taro zauren ya cika. An jera fararen kujerun roba, fanka na kaɗawa, an rataye allon a bango an lulluɓe shi da zanen gado sabo. Allunan tebur an kife su a gaban shugabanni. Ana shiga ana raba katuna. Mataimakin shugaba ya ga nasa ya tsaya a "Mataimakin…", ya ce ai haka ne. Mai binciken kuɗi ya samu "Mai Bincike…", ya ji kamar an ƙara masa girma. Mai tsawatarwa, wani siririn mutum da ko akuya ba ta jin tsoronsa, ya samu "Mai Tsawa…", ya kafa ƙirji yana zagaya zauren. Dannau ya zo a ƙarshe, kamar yadda ya dace. Ya zura igiyar katinsa a wuya ba tare da ya sunkuya ba, domin taye ya riƙe masa maƙogwaro.

Babban baƙo, wani ɗan kwangila mai tumbi, ya ja zanen. Dannau yana tsaye gaban allon, ya ba shi baya, yana fuskantar jama'a da makirufo.

Idanu suka koma kan allon. Can sama ga Baba Siminti yana hamma. Can ƙasa ga wani saurayi mai hasken goshi ya tallafi haɓa, a ƙarƙashinsa da haruffan da za a iya karantawa daga tsallaken titi: BABBAN SAKA…

Wani daga bayan zauren ya ƙarasa kalmar a hankali, da "rai", ba da "tare" ba. Wani ya ƙyalƙyale. Dariya ta kama layi-layi har ta iso gaba, babban baƙo ya toshe baki da hankici, tumbinsa na rawa.

Dannau ya yi murmushi. Ya san za a yi murna, bai dai zaci za ta kai haka ba.

"Ku yi farin ciki, ranarku ce! Abin da kuke gani a bayana, 'yan'uwa, ba hannun mutum ba ne. Mutum yana son kai, yana rufa wa wani asiri. Na'ura ba ta san wannan ba. Abin da kake, shi take fitarwa. Kowa ya dubi abin da aka rubuta a ƙarƙashin hotonsa, wallahi shi ne shi!"

Wata mai sayar da tayil ta zame daga kujera. Baba Siminti ya farka, ya ga ana nishaɗi, ya ɗaga allunan tebur don ya taimaka. Su gidansu ya fi ƙanƙanta. Na gaban kujerar Yallaɓai cewa ya yi: BABBAN SA…

Nan malaman zauren suka rabu biyu, wasu na goyon bayan allon bango, wasu na goyon bayan allon tebur, kowa da hujjarsa.

Sai a lokacin ya waiwaya. Ya karanta. Ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa. Ya ɗago katin ƙirjinsa, ya ga shi ma bai saɓa wa bango ba. Gumi ya gangaro ta bayan kunnensa ya shige kwala. Amma babban mutum ba ya faɗuwa a gaban jama'a.

"Wannan," in ji shi, "shi ake kira taƙaitawa. Haka ake yi yanzu a manyan kamfanoni."

Aka shiga zaɓe da ɗaga hannu. Kujerar shugaba, Dannau ya samu hannunsa, da na wani mai sayar da ƙusa wanda daga baya aka gane miƙa yake yi. Baba Siminti ya koma kujerarsa bai ma san an yi takara ba.

Da aka zo kujerar sakatare, wadda Yallaɓai ya sauka daga kanta don neman ta sama, aka nemi ɗan takara. Kowa ya dubi allon, ya dubi ƙasa. Aka sake kira. Babu wanda ya fito. Sai ma'ajiya ta miƙe, ta gyara mayafi, fuskarta babu alamar wasa.

"Jama'a, mu ji tsoron Allah, mu ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Muƙamin nan ga shi an rubuta, an buga, kowa ya gani da idonsa. Ni dai shekaruna a kasuwar nan ban san wanda ya cika shi kamar Yallaɓai ba. A mayar masa da abinsa."

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, wasu har biyu-biyu. Tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa haɗa baki a kan abu ɗaya haka ba. Tafi ya ɓarke, fanka ma ba a jin ta.

Tafi kuwa, ko daga ina ya fito, Dannau bai taɓa iya barinsa ya wuce ba. Ya miƙe a hankali. Ya ɓalla maɓallin kwat, ya daidaita katin a tsakiyar ƙirji, ya karɓi makirufo, idonsa har ya kawo ruwa.

"Na gode, 'yan'uwa. Na daɗe ina jiran ranar da za ku gane ko ni wane ne."

"Mun gane, Yallaɓai!" in ji zauren da murya ɗaya.