Ƙullin Alewa a Gaban Surukai

Tsufa ya sa ina manta inda na ajiye carbina, amma bikin nan na Maigatari ba zan taɓa mantawa da shi ba.

Malam, maigidana, ya rasu shekara biyu ke nan, Allah ya jiƙansa. Har gobe in aka kira la'asar sai na waiga in ga ko ya ɗauki buta. Da na fita takaba, autana Nasiru da matarsa Rabi suka ga kaɗaici zai ƙarasa ni a Ɗanzomo, suka kawo mini ɗansu daga Gumel ya zauna da ni. Shekararsa huɗu, kuma sunan marigayin aka sa masa. Su iyayensa, Abba suke ce masa. Ni da bakina bai taɓa kama sunan mijina ba, shi ma Malam nake kiran sa.

To ku gaya mini, ta ina zan ce wa Malam a'a? In ya ture tuwo ya ce biskit, sai in ja sandata zuwa shago. Alewa, cincin, lemon kwalba, taliyar leda, babu wanda bai sani ba. Har ƙulli na musamman na yi masa a haɓar zanina.

Kafin wata uku yaro ya juye. Kuka ba dalili, birgima a ƙasa, ya ciji ɗan maƙwabta, ya jefi akuyata da ludayi. Ni kuwa na gama yanke hukunci, bakin mutane ne. Na yi masa turare, na karɓo rubutu (cikinsa dai ko sau ɗaya ban shafa ba). Labari ya kai Gumel, Rabi ta aiko cewa in abin bai lafa ba, za su ɗauke shi. Ranar kasa cin abinci na yi. Gidan nan in babu ƙiriniyarsa, sai ni da sandar marigayi da ke jingine.

Ana haka bikin ƙanwar Rabi ya zo, muka tafi Maigatari. Tsakar gida cike da mata, uwar Rabi ta zaunar da ni kusa da ita don girmamawa. Aka kawo waina da miyar taushe. Malam ya shure kwanon, ya finciko gyalen wata ƙawar amarya, ya kwanta yana ihu.

Na ɗaga murya don kowa ya ji. "A yi haƙuri, baki ne ya kama shi. Muna nan muna nema masa taimako."

Binta, yayar Rabi, aikin jinya take yi a asibiti. Ta ɗauke shi, ta danna cikinsa a hankali. "Iya, cikin nan kamar ganga. Yaushe rabonsa da bayan gida?"

Ban sani ba, sai na gyara mayafi.

"To me yake ci?"

"Tuwo da miyar kuka," na ce. "Da safe kunu. Abin da muka ci muka girma." (Allah ya yafe mini, ko ƙifta ido ban yi ba.)

Malam ya tsaya da kukan cak. "Iya ce take cin tuwo. Ni na zani nake ci."

"Wane zani, Abba?"

Ya sauko daga cinyarta, ya zo ya ja ƙullin. Alewa ta watse a tabarma, ja da koriya, tana gangarawa har ƙarƙashin ƙafar surukaina. Biskit biyu suka biyo baya. Wata tsohuwa daga dangin ango ta ce, "Iya, ashe shago guda kika taho mana da shi gudummawa." Mata suka kwashe da dariya, uwar Rabi na ƙoƙarin ɓoye tata a mayafi. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Binta ba ta yi dariya ba. Ta ce yaro ƙarami bai iya cewa cikinsa ya ƙulle ba, sau da yawa sai ya nuna da kuka da cizo. A rage zaƙin, a ba shi ruwa sosai, da wake, da zogale, da gwanda, da fura da nono, in bai sauya ba a kawo shi asibiti.

Sai hawaye ya ƙwace mini. "Sunan marigayi gare shi, Rabi. Na kasa hana shi."

Rabi ta durƙusa kusa da ni. "Iya, Baba da ransa ma ai kina ɓoye masa goro in ya yi yawa. Ya ci gaba da zama wurinki, amma don Allah a gwada abin da Yaya ta ce."

Kwana uku muka yi yaƙi a gida, yana kuka ina kuka, kwanon ɗan wake a tsakaninmu. A na huɗu cikin ya saki, saura ƙiris in yi guɗa a ƙofar banɗaki. Yanzu yana nan tare da ni. Ƙiriniya ba ta ƙare ba, amma cizo ya tsaya.

Sai da na kunyata a gaban surukai na gane Malam biyu gare ni. Babban, addu'a yake buƙata, ƙaramin kuwa miyar zogale.