Tsumman da Na Cusa wa Esi

Ba zan taɓa mantawa da waɗanda ke ɗakina a ranar nan ba, har yau ina iya jero su yadda suka zauna. Akwai Hajiya Uwani, gwaggon ango, wadda ta jagoranci masu kawo lefen jikata Maryam daga Tudun Wada. Akwai ƙanwarta Talatu da wasu mata biyu 'yan rakiya. A ɓangarenmu akwai ƙanwata Ladi, da surukata Rabi, uwar amarya, wadda ke kai da kawo da kwanukan abinci ba ta yarda ta zauna ba. Sai ni a kan kujerata. Na takwas ɗinmu yana manne a bango: esi, na'urar sanyaya ɗaki da babban ɗana ya kafa mini a bazarar nan, da sola a kan rufi.

Ni na dage a karɓi lefen a ɗakina. An ce a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, na ce a'a, gara mutanen Tudun Wada su ga mu ma a Kwanar Dangora muna shan sanyi.

Ga abin da babu wanda ya sani. Kwana huɗu kafin nan, ina zagayen gida kamar yadda na saba (ko murfin tukunya aka ajiye a karkace sai na gani), na tarar da wani siririn tiyo ya fito ta bayan ɗakina yana ɗigar da ruwa, har gindin bango ya jiƙe. Ni kuwa tun tasowata abin da ke yoyo toshe shi ake yi, randa ce ko kwano ko rufin soro. Na yanki gefen tsohon kallabina, na murɗa, na shafa masa sabulu, na cusa da tsinke. Ɗigo ya tsaya. Na kaɗe hannu na wuce ina yaba kaina.

Kashegari esi ya fara wani ƙugi kamar cikin mai jin yunwa. A kwana na uku ɗakin ya ɗauki warin jiƙaƙƙiyar tabarma, ga wani tabo yana saukowa a bango. Rabi ta durƙusa ta ce, "Inna, ko a kira mai gyara ya duba shi?" Na ce mata tun rasuwar maigidana Malam babu baƙon namijin da ya taka ɗakin nan, kuma abin da ke ba da sanyi lafiyarsa lau. Na ƙara da cewa 'yan zamani ko atishawa suka yi sai asibiti.

Ranar lefe na zaunar da Hajiya Uwani daidai ƙarƙashinsa, wurin girmamawa. An buɗe akwatin farko, an buɗe na biyu, ana ta sa albarka. A na uku ta ɗago wani farin leshi tana nuna mana. Nan esi ya yi gyatsa, ya saki ruwa. Ba ɗigo ba, tsiyaya, mai yauƙi da gansakuka. Ya sauka a gyalenta, ya bi wuyanta, ragowar ya faɗa kan leshin.

Ta share fuska a hankali ta ce, "Hajiya, ashe damina ta riga sauka a ɗakinki."

Da na yi shiru a nan, da abin ya tsaya kan ruwa. Amma hali ya motsa. Na kira Rabi a gaban baƙi na tsare ta da tambaya, wa ya taɓa shi, wa ya shiga ɗakina ba na nan. Na ce abu ba ya lalacewa da kansa, akwai hannun wani, kuma ko wane ne sai na kama sunansa yau. Ladi tana mintsinina, ban kula ba. Rabi ta sunkuyar da kai, ta fita ta buga wa mai gyara waya.

Malam Garba ya zo daga bakin tasha da jakar kayan aikinsa. Ko ɗakin bai nemi shiga ba, ya ce a nuna masa baya. Duk muka bi shi, ni ce a gaba. Ya kama tiyon, ya sa filaya ya zaro abin da ke ciki, ruwa ya yi ta bulbula. Ya warware tsumman ya ɗaga ya ce, "Wane ne mai wannan aikin?"

Kore ne mai furanni ruwan ɗorawa. Ragowar kallabin kuwa yana rataye a igiyar shanya, taku biyu daga inda muke, da gefensa a yanke. Hajiya Uwani ta dubi tsumma, ta dubi igiya, ta dube ni.

Na ce, "Ni ce."

Malam Garba, Allah Ya saka masa, bai yi dariya ba. Ya ce ruwan nan kamar gumi ne, dole ya fita, kuma duk ran da na ji baƙon ƙara, ko wari, ko na ga tabo a bango, ko sanyi ya ragu, in kashe in kira shi. Hajiya Uwani ce ta kasa daurewa, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce leshi zai wanku, mu koma a ƙarasa. An ƙarasa a tsakar gida, a kan tabarmi.

Abin da na koya bai da yawa. Ba kowane yoyo ne ciwo ba, kuma kafin in nemi mai laifi a gidan nan, yanzu hannuna nake fara dubawa.

Da gari ya waye na wanke leshin da kaina na shanya. Sannan na taka har ƙofar Rabi, abin da ban saba ba, na miƙa mata wayata na ce ta sa mini lambar Malam Garba. Na ce jiya bakina ya yi sauri. Ta ce, "Ba komai, Inna," tana danna waya tana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata. Na gani sarai, na juya na yi kamar ban gani ba.