Injiniya Ba Takalmi a Kan Baƙin Allo

Akwai wata Asabar a watan Yulin 2006 da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da kuwa na so in manta. A lokacin ina aiki a wani kamfani a Salford, kusa da Manchester a Ingila, aikina haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna. Takardata ta ce ni injiniya ne, kuma gaskiya ne. Matsalar ita ce a wurin mutanenmu injiniya injiniya ne. An kawo mini injin wanki in duba, an kira ni kan na'urar ɗumama gida, wata baiwar Allah ma ta taɓa tambayata ko bangon gidanta zai ɗauki bene. Ni kuma Allah ya zuba mini son a yabe ni, duk abin da aka tambaya sai na samo amsa.

Ina neman auren Hadiza, wadda ke karatun digiri na biyu tana zaune a unguwar Selly Oak a Birmingham. Mahaifinta ya rasu, don haka waliyyinta ƙanensa ne, likita a Birmingham, kowa Baffa Dakta yake ce masa. Wata takwas maganata tana gabansa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk wanda na tura sai ya dawo da "ana bincike". Har ramewa na yi.

Rannan sai ga wayarsa, karo na farko da ya kira ni da kansa. Miƙewa tsaye na yi a ofis kafin in ɗauka (kamar yana ganina). Ya ce yana gina gida a Legas dab da bakin teku, inda zai koma idan ya ajiye aiki, kuma an haƙa wurin ninƙaya a tsakar gida. Saura daɓen da za a kewaye ruwan da shi. Mai ginin ya ce a zaɓa, ko katako, ko wani sabon allo da ake yi da garin katako cakuɗe da roba, wanda sai dai a loda shi a kwantena daga nan.

"Injiniya, ka san harkar decking, wato irin wannan daɓen na alluna?"

"Sosai, Baffa," in ji ni.

Wallahi a lokacin ko barandar ba ni da ita, a hawa na huɗu nake zaune. Amma na ga ƙofa ta buɗe, na ce ta nan zan shiga zuciyar dattijon nan. Mako biyu ina karanta takardun talla a lokacin cin abincin rana. Na je wani babban shagon kayan lambu a bayan gari, mai sayarwa ya zagaya da ni ana yayyafi, yana nuna mini yadda katako ke yin gansakuka ya ruɓe, allon roba kuwa ko a jikinsa. Ba ya son fenti, ba ya son mai, gara ba ta cinsa. Na tambaye shi ruwa, na tambaye shi gishiri. Rana ce kawai ban tambaya ba, don a Manchester wa ke tunawa da ita? Na zaɓi baƙi wuluk saboda ya fi kama da na masu hali, na sa aka yanko mini guntaye huɗu, na zuba a but ɗin motata.

Ranar Asabar ɗin na kama hanyar Birmingham cikin farar shadda ɗinki uku, wadda na ajiye don babbar Sallah. Garin ya yi zafin da ban taɓa gani ba a ƙasar nan, Turawa duk sun tuɓe riguna. Ƙarfe goma sha ɗaya na isa gidan, can gaba da unguwar Perry Barr. Na jera alluna a tsakiyar lambun bayan gida, inda rana za ta haska su su yi kyau. A gefe akwai wani ɗan baho na roba mai hurawa cike da ruwa, na jikokin gidan da suka yi wasa da safe.

Ba ni kaɗai ne baƙo ba. Akwai abokan Baffa biyu, likita da akanta, sai wani dattijo siriri mai suna Baba Iddi, mutumin Gana, direban tasi, masallacinsu ɗaya da Baffa. Ya tsaya yana kallon allunan, hannuwa a baya.

"Ɗana, wannan baƙin, ka taɓa taka shi da rana?"

Na yi masa irin murmushin da ake yi wa wanda bai je jami'a ba (Allah ya yafe mini). Na ce, "Baba, an gwada shi a lab, it's fully tested." Ya gyaɗa kai, bai ƙara ba.

Aka yi hira, aka yi Azahar, aka kawo abinci, na ɗan tsakura saboda kunyar surukai. Wajen biyu da rabi Baffa ya ce a fita a ji bayanin Injiniya. Aka jera musu kujeru a inuwar katanga. Ta tagar kicin ina hango kawunan mata, har da na Hadiza.

To, ni ɗan gidan tarbiyya ne. Ba zan tsaya a gaban wanda nake neman 'yarsa da takalmi a ƙafa ba, safa kuwa tun wurin alwala na cusa ta a aljihu. Na tuɓe takalma a kan ciyawa, na gyara babbar riga, na hau allunan nan da suka yi awa uku da rabi suna shan rana.

Da farko ɗumi na ji. Na fara da "Baffa, babban advantage ɗinsa shi ne," sai tafin ƙafata ya aiko da saƙo. Kamar na taka murfin tukunyar da ke kan wuta. Mai hankali sauka zai yi. Ni kuwa na tuna wata takwas, na tuna tagar kicin, na ce ko zan mutu sai na ƙarasa. Na ɗaga ƙafar dama na ɗora a kan ta hagu kamar ina sosawa. Na sauya. Na sake sauyawa. Ina magana a kan garanti muryata tana hawa sama, gumi yana bin gemuna, hannayen riga suna ta kaɗawa. Akantan nan ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Lafiya, Injiniya? Ko fitsari kake ji?"

Ban san lokacin da na ce "Wayyo Allah!" ba. Tsalle ɗaya na yi na dira a bahon yaran nan. Ƙasansa santsi ne da shi, ƙafafuna suka wuce gaba, na zauna daɓas a ciki, ruwa ya yi sama ya sauko a kan hulata. Wata agwagwar roba tana yawo a gefen gwiwata. Daga kicin na ji an saki wani abu ya faɗi, sannan dariya ta ɓarke.

A nan na sallama Hadiza a raina. Na ce shi ke nan, gobe za a ce an gama bincike.

Baba Iddi ne ya taso ya miƙo mini hannu, ko murmushi bai yi ba. Ya juya wurin Baffa ya ce, "Dakta, yaron nan ya yi maka aiki babba. Da ƙafarsa ya gwada maka. Ranar Ingila ke nan, ina ga ta Legas? Da ƙafar jikokinka ce." Ashe kafin ya zo ƙasar nan shekara ashirin ya yi yana kafinta a garin Sakonde can Gana, yana yi wa otal-otal na bakin teku baranda. Yana sane tun safe, kuma da ya ga dama da ya tsinka ni a gaban kowa. Sai ya rufa mini asiri.

Ina tsaye ina ɗiga ya yi bayanin da ya kamata in yi. Ya ce allon roba ba laifi ba ne idan mai haske ne kuma akwai rumfa. Amma ga katakon odum, wanda mu muke kira iroko, a can gida, me zai sa a yi masa kwantena? Sharaɗinsa a shafa masa mai duk shekara, a bar tsaga tsakanin alluna don ruwa ya wuce, kuma a ɗaure shi da kusoshin da ba sa tsatsa, domin iskar teku cinye ƙarfe take yi. Idan babu mai kula da gidan, to a haƙura da katako. Baffa ya ce akwai mai kula.

Sannan Baffa ya sa na zauna a kujerarsa, ya durƙusa ya kama ƙafata yana dubawa. Surukin da ko ido ba na iya haɗawa da shi! Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce ja kawai ta yi, ba za ta tashi ba. Bai saki ƙafar ba ya tambaye ni, "Tsakaninka da Allah, ka san aikin nan?"

"Ban sani ba, Baffa. Takardun talla na karanta. So nake in burge ka."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ka burge ni, amma ba ta inda ka shirya ba." Aka ba ni aron jallabiyarsa, wadda ta tsaya mini a ƙwauri, da ita na tuƙa mota har Manchester.

Bayan kwana goma ya aiko a ce wa manyana su zo. Hadiza ta gaya mini daga baya cewa abin da ya riƙe shi tun farko, an ce masa yaron yana da kirki amma bai taɓa amsa kuskure ba, shi kuwa yana tsoron ba wa irin wannan 'yar marigayi. Na gode wa Allah da ya kunyata ni a lambu, a gaban mutum huɗu da taga ɗaya, maimakon bayan kwantena ta sauka a Legas. Baba Iddi kuwa ya rasu shekarun baya, kuma har yau ina sa shi a addu'a tare da iyayena.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne. Duk abin da zan yi wa mutane rantsuwa a kansa, yanzu sai na fara gwada shi ni kaɗai, inda babu suruki, babu taga, kuma da hannu nake farawa.