Rasuwar Tsohuwa, Ma'ajiyar Furotin Dubu Huɗu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil nake sanar da rasuwar Tsohuwa, kwamfutar ɗakin bincikenmu. Na fara wannan rubutu a bayan tasi, ina dawowa daga wurin mai gyara na uku. A cinyata akwai gawarta, faifan ajiya biyu cikin leda, da ƙonanniyar waya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na taho da ita daga ƙasar da na yi karatu, cikin akwatin da ya kamata in cika da tsaraba. Innata ba ta manta ba har yau. A cikinta muka tara bayanan furotin dubu huɗu masu kama jan ƙarfe da baƙin ƙarfe a jikin mutum da tsiro da ƙwayar cuta: wanne ke riƙe wanne, kuma a wane gurbi. Ɗaya bayan ɗaya muka tantance su.

Marigayiyar ba ta taɓa yajin aiki ba. Ta jure zafi, ta jure janareta, ta jure ɗaliban da ke ɗora mata kofin shayi. Da safe takan ce "ɗit" sau ɗaya, sai fankarta ta kama gurnani. Iyakar maganarta ke nan.

Ba ta yi doguwar jinya ba. Watan jiya wani ya yanke wayar jan ƙarfen da ke bayan gini, wadda ke kai wutar tsawa cikin ƙasa. Sau biyu na rubuta wa shugaban sashe, ya ce ana dubawa. Ranar Talata da la'asar hadari ya taso. Tsawa ta faɗo, Tsohuwa ta yi "ƙas", ta yi shiru. Wadda ta san mazaunin jan ƙarfe a dubban furotin, rashin taku shida nasa ne ajalinta.

Za a tambayi kwafi. Akwai. Duk Juma'a nake yi a faifai na biyu, sai dai na bar shi jone a jikinta, don a ƙasar da na koyi aikin, wutar lantarki ba ta cizo. Tare suka tafi. Wannan laifina ne.

Ta bar allo guda, da ni, da ɗalibata, wadda za ta kare digirinta na uku nan da wata biyu, alhali babi uku na aikinta na cikin marigayiyar. Jiya ta ce, "Malam, daga ina za mu fara?" Na ce mata ban sani ba.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe goma na safe a bayan gini, daidai inda wayar take a da. Mai sayen tsohon ƙarfe zai zo da sikelinsa, ya ware ja gefe, baƙi gefe. Babu zaman makoki. Masu shirin ce mini in yi haƙuri in sake, su taho mini da shekara goma sha ɗaya.

Na iso ɗakin binciken, na kwantar da ita a kan teburinta. Ɗalibar zan tura wa tsohon malamina, ta ƙarasa a hannunsa. Na ja ƙofa, na sa kwaɗo. Ba zan sake tarawa ba.