Ranar da Damona Ya Fito Gaida Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa gaban surukina ina roƙon ran damo ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni kamar yanzu aka yi.

Ni tela ne a Daura, kuma Allah ya yi ni da saurin tausayi. Ko kaza za a yanka sai na kau da kai (in an soya kuwa ba na kau da kai, kada in yi ƙarya). Wata damina na tsinci ɗan damo a gonarmu, fartanya ta yanke shi a ƙafa, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Na kawo shi gida na yi masa jinya a wani tsohon akwatin katako. Matata Rabi, lokacin ba mu daɗe da aure ba, ta leƙa ta ce, "Mazan mutane nama suke kawowa a leda, kai naka da ransa."

Sabo da damo sai a hankali. Da farko in na miƙa hannu sai ya kumbura, ya yi huci, ya zabga mini wutsiya. Na jefa masa tsohon singiletina don ya san warin jikina. Na daina cafko shi ta sama, don yana zaton shaho ne, sai in shimfiɗa tafin hannu in jira. Abin da ya gama da shi ƙwan zabi ne. In ƙwanƙwasa ƙwan a ƙasa, ƙwas-ƙwas, in fasa masa. Har ya kai da jin ƙarar sai ya fito a guje, harshe a waje. Daga nan ya soma barci a aljihuna ina ɗinki. Na sa masa suna Shiru, kuma ina son shi, ba na ɓoyewa.

Ranar da za mu je gaida iyayen Rabi a ƙauyensu wajen Mai'adua, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Ta ce, "Ka bar abin nan a gida." Na ce to. Amma da na leƙa na gan shi a takure, ga kyanwar maƙwabta a kan katanga, sai zuciyata ta karye. Na zura shi a aljihun gaba na babbar rigar angoncina, muka hau babur.

A zaure muka tarar da surukina, Baba Sale, dattijo mai fama da ciwon gwiwa, tare da babban ɗansa Yaya Idi. Rabi ta shige ciki. Na durƙusa can gefen tabarma, kai a sunkuye, ina jero gaisuwa. Aka kawo fura da kwanon dafaffen ƙwan zabi. Ba a cin abinci gaban suruki, don haka na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Baba ya ɗauki ƙwai ɗaya ya ƙwanƙwasa a ƙasa. Ƙwas-ƙwas.

Na ji ƙirjina ya motsa. Na dafe aljihu kamar mai rantsuwa, amma ina, tarbiyyata ce da kaina. Shiru ya sulale ta ƙarƙashin hannuna, ya ratsa tabarma, ya tsaya gaban Baba yana jiran rabonsa.

Na zaci za a yi ihu. Sai na ga fuskar Baba ta washe. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe Rabi ta gaya maka tun bara nake neman kitsen damo saboda gwiwar nan? Allah ya yi maka albarka, yaro. Idi, ɗauko wuƙa."

Kun san abin da na ce? Na ce amin. Da bakina. Suruki ya sa albarka a kan kyauta, ta ina za ka fara cewa ba kyauta ba ce?

Yaya Idi ya cafko shi ta wuya, ta sama, irin kamun da ya fi tsoro. Shiru ya yi ta wutsil-wutsil. Da na ji ƙarar wuƙa a kan dutsen washi, ban san lokacin da na ja gwiwa har gaban Baba ba, babbar riga na sharar ƙasa.

"Baba, don girman Allah a yi haƙuri. Ba na yanka ba ne. Sunansa Shiru. A aljihuna yake barci."

Hawaye suka zubo mini, ƙato da gemu. Daga bayan zana na ji mata sun tuntsure da dariya, da muryar Rabi tana cewa, "Sai da na ce masa ya bar shi a gida."

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya shafa gwiwarsa ya ce, "Idi, ba shi ɗansa." Ya ɓare ƙwan nan ya ajiye a ƙasa. Shiru ya sauka daga hannuna ya cinye tas. Baba ya ce, "To, shi dai ba ya kunyar surukai."

Da muka koma Daura na aika wa Baba man zafi daga kemis. Shiru ya girma, yanzu ya fi ƙarfin aljihu, yana da kejinsa a bayan gida. Da Rabi ta haihu, saƙon farko da ya zo daga ƙauye shi ne a yi wa Shiru barka, ya samu ƙani.

Tun daga ranar, in matata ta ce a bar abu a gida, barinsa nake yi, kuma ba na shiga zauren surukai sai na laluba aljihuna. Amma in da za a sake ɗauko wuƙar nan, wallahi kukan zan sake yi.