Katin Kaka da jan tambari

Ba zan taɓa mantawa da ƙyallen nan ba, shi na fara gani da na shiga asibitin. Wani guntun atamfa ne kore, ɗaure a bakin bencin jira, inda katakon ya tsage. Kaka ce ta ɗaura shi da hannunta don kada ƙusa ta riƙa kama mata zane. Shekara biyu ke nan da rasuwarta, amma ƙullin yana nan yadda ta bar shi.

Ƙaramin asibiti ne a Kalgo, na likitan da ke duba gidanmu kaf, daga jariri har tsoho. Tun da Kaka ta baro Gwandu ta dawo wurinmu ni ke raka ta duk wata. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba mai faɗinsa a gida, Ummi ake ce mini (ko a nan ba zan rubuta shi ba, Baba yana iya karantawa).

Ranar ina aji uku na sakandare. Kwanon rufi ya yanke ni a ƙafa, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Inna tana jego, Baba yana fadama wajen shinkafa, dole na tafi ni kaɗai. Na buɗe gwangwanin da muke ajiye katunan asibiti, na ga sunana, na zara. Inna ta miƙo mini sandar Kaka in dogara, ta ce, "Ummi, ki tabbata sun ga jan tambarin da ke kan fayil ɗinki. Kin ji ko?" Tun ina shekara shida aka taɓa yi mini allurar penisilin, fuskata ta kumbura, numfashi ya nemi ɗaukewa. Daga ranar likita ya manna jan tambari a bangon fayil ɗina, alamar kada a sake.

Ranar kasuwa ce, asibitin shiru. Babu wuta, amma fankar sama tana juyawa a hankali, ban kuma ji iska ba. Wata mata ce kawai a zaune da goyonta. Na ɗingisa da sanda, ƙwas, ƙwas, na miƙa kati ta taga, na zauna. Sai da na zauna na lura a ina na zauna. Hannuna yana kan ƙyallen.

Sabuwar ma'aikaciya ce a tagar. Ta duba lambar kati, ta shige ɗakin fayil, ta daɗe, sannan ta fito tana kaɗe ƙura. Ta kira sunan nan cikakke, da ƙarfi, har bangon ya maimaita. Raina ya ce mini tsohuwa za ta amsa daga gefena, kamar kullum. Na jira. Sai da ta sake kira na miƙe.

Ni fa Allah ya ba ni ido. Daga nesa na ga fayil ɗin ya yi kauri, nawa kuwa siriri ne. Na ga gefensa ya yi ja-ja da yatsan goro. Na ga babu jan tambari. Duka na gani, na kuma yi abin da na fi iyawa a duniya: na sunkuyar da kai.

Likitanmu ya tafi Birnin Kebbi, wata baƙuwar likita ce ke riƙe masa. An maƙala sabuwar takarda fara a saman fayil ɗin, a kanta take rubutu. Ta duba ƙafar, ta ɗaga gefen takardar kaɗan ta leƙa layin ƙarshe.

"Kin daɗe ba ki zo ba. Ƙafar ce dai har yanzu?"

Kaka ma ƙafa ke kawo ta. Da ta motsa fayil ɗin sai na ji warin man zafi, irin wanda Kaka ke shafawa, ya cika ɗakin. Na ce, "Eh." (Me ya hana ni cewa ba nawa ba ne? Kunya. Matar ta sa tabarau, tana sauri, ni kuma a ganina gyara wa likita zance rashin tarbiyya ne.)

Ta rubuta allura. Na karanta sunan maganin a juye daga inda nake, na gane shi sarai. Na ɗauki sandata na nufi ɗakin allura, ina jin ƙwas ɗin sandar yana biyo ni kamar ba ni ke yin sa ba. A raina ina cewa, wataƙila na girma, wataƙila jikina ya manta.

A ɗakin allura akwai Sista Balki, wadda ta fi kowa daɗewa a asibitin. A bangon bayanta an manna takarda mai tambayoyi uku, dokar likitanmu ce: ba a tsira wa kowa allura sai an tambaye shi sunansa, shekarunsa, da ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. Ko ɗan cikinka ne. Kaka takan yi mita a kai, ta ce, "Balki, tun jiya na canza suna?"

Sista ta ba ni baya tana wanke hannu. Ta fasa sabon sirinji daga leda, ta jawo fayil ba ta dube ni ba.

"Suna?"

Na faɗa, can ƙasa.

Hannunta ya tsaya. Ta dubi bangon fayil, ta dubi ƙasan sandar, ta bi ta da ido a hankali har zuwa fuskata. Ta ja da baya sai da ta bugi tire.

"Innalillahi. Mai wagga fayil, da ni aka yi zaman makokinta."

Ta karanto tambaya ta biyu da wata irin murya.

"Nan an rubuta shekara saba'in da huɗu. Haka ne?"

Jama'a, na ɗaga kai. Wallahi na ɗaga kai alamar eh.

Sista ta tsaya kallona, sai kuma ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ke Ummi! Ja'ira! Saura kaɗan ki sa ni fitsari a tsaye!" Ta leƙa waje ta ƙwala kira, "Ku zo ku ga tsohuwa 'yar aji uku!" Mai taga ta zo, likita ta zo, har mai goyo ta leƙo. Na so ƙasa ta buɗe.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da aka ɗauko fayil ɗina na gaskiya, jan tambarin yana nan ɓaro-ɓaro. Sista ta dubi sirinjin, ta jefa shi cikin kwalin ƙonawa. Likita ta cire tabarau ta zauna a bakin gado, ta nuna mini tambarin.

"Kin san da wannan?"

"Na sani."

"Kin ga babu shi a wancan?"

"Na gani."

Ba ta yi mini faɗa ba, na ma fi son ta yi. Ta ce laifin nasu ne, ita ya kamata ta buɗe shafin farko, kuma fayil ɗin wanda ya rasu bai kamata ya kwana cikin na masu rai ba. Ta canza magani. Sista ta wanke mini ciwon tana cewa, "Ɗiyata, kunya ga surukai ake yin ta, ba ga allura ba."

Abin da na koya shi ne, duk wannan lura da nake taƙama da ita ba ta tsinana mini komai ba, tunda bakina ya ƙi ba ta haɗin kai. Takardar bango da Kaka ke yi wa mita, ita ta yi magana a madadina. Har yau idan Sista ta gan ni a gidan biki sai ta rusuna ta ce, "Ina wuni, Kaka, ya ƙafa?"

Da zan fita ranar, na tsaya a bakin ƙofa, na tattaro duk ƙarfin halin da ya rage mini.

"Sista, don Allah ki manna mini jan tambarin nan a kan katina ma. Babba. Wanda zai yi magana ko da ni na kasa."